Kuɗin cizo sun hana mu barci, maigida ya siyo piya-piya, ga ni da jaririya

UwarBiyu

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema musamman gun waɗanda suka taɓa shiga irin wannan halin, don wlh abin ya kai ni maƙura. Gidan haya muke a Kano, irin gidan yawan nan, ciki da falo ne namu, banɗaki kuwa haɗaka muke da sauran mutanen gidan. Tun da zafin nan ya fara shigowa kuɗin cizo suka sako mu a gaba. Da farko na ɗauka sauro ne da na ga yarona babban yana tashi da ƙuraje a hannu da wuya, to amma a gidan sauro muke kwana, kuma cizon a jere yake fitowa uku huɗu a layi ɗaya, ga ƙaiƙayi yaro ya yi ta susa har ya ji wa kansa ciwo. Ranar da na tabbatar da asuba ne na haska fitilar waya a bakin katifa sai gasu suna gudu, na ɗaga ɗinkin gefen na ga baƙin ɗigo-ɗigo cike da wajen da wasu abubuwa farare ƙanana a manne, zanin gado kuwa kullum da ɗigon jini.

Bansan takamaimai ta inda suka shigo ba, ƙanin maigida ya yi hutu a wajenmu daga makarantar kwana da akwatinsa da 'yar katifarsa, kuma a lokacin ne muka sayi kujeru na hannu a falo, to ko wanne ne oho. Na fesa filit, na shanya katifa a rana, na goga kananzir a jikin gado, sai su yi kamar sun tafi bayan 'yan kwanaki su dawo fiye da da. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kunya, rannan yayar maigida ta zo tana zaune a kujera ɗaya ya fito yana tafiya a hijabinta, bata ce komai ba amma ni nasan ta gani, ni kuma Allah ya sani ba ƙazama bace, kullum cikin shara da goge-goge nake.

Yanzu maigida ya siyo piya-piya a gora, ya ce gobe da la'asar zai yayyafa a ɗakin ya kulle, mu kwana a falo. Ni kuma hankalina bai kwanta ba, jaririyata wata huɗu, shi kuma babban dama ƙirjinsa na yawan kamawa idan ya shaƙi ƙura ko hayaƙin igiyar leƙo. Na masa magana ya ce kowa da shi yake amfani.

Bayan wannan kuma ga ɓeraye a silin da kicin, sun huda min buhun garin kwaki har sabulu ci suke, ga kyankyasai da daddare in ka shiga banɗaki sai ka yi da gaske. Dan Allah me zan yi wanda zai kashe kuɗin cizon nan gaba ɗaya kuma bazai taɓa min yara ba? Kuma piya-piyan nan da gaske babu komai in an kwana a ɗakin da ke kusa?

ƊanKwalisa

Wslm Hajiya ki bar wahalar da kanki da filit, ba abinda yake musu. Ki ce wa oga ya je inda ake saida maganin gona ya ce a bashi bom, ƙwayar nan da ake sawa a buhun wake, a jefa kamar guda uku a ƙarƙashin gado a kulle ƙofa da taga, kafin safiya ko kiyashi bazai rage ba. Har ɓerayen ma zai kwashe miki su.

NasƊinUnguwa

Innalillahi. Ɗan'uwa dan girman Allah kada ka ƙara ba wani wannan shawarar, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa amma wannan ƙwayar kisa take. 'Yar'uwa UwarBiyu ki saurare ni, ko kusa kar a shigo miki da ita gida. Abin da ake kira bom ɗin nan da ya ji danshin iska yake fara sakin wata iskar guba, kuma iskar bata san ƙofa a kulle take ba, ta silin take bi, ta ƙasan ƙofa, ta tsagar bango, ta shiga falon da kuka kwana ta shiga ɗakin maƙwabta da basu ma san an sa komai ba. Kuma abin tashin hankalin shi ne bata da makari, in an kawo mana wanda ya shaƙa sai dai a yi ta ƙoƙarin tallafar numfashinsa da zuciyarsa ana addu'a. Yara ne suke fara tafiya saboda jikinsu ƙarami ne kuma numfashinsu ya fi namu sauri.

Shi kuma piya-piyan da maigidanki ya siyo, sinadarin da ke cikinsa galibi shi ne dai na cikin Sniper, maganin ƙwarin gona ne, sai a tsiyaya a gora a gauraya da abin da mai haɗawar kaɗai ya sani, ba takarda ba ma'auni ba ranar lalacewa. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana saida Sniper da ire-irensa a kasuwanni da shagunan kayan masarufi saboda yadda mutane ke mutuwa da shi, amma har yau ana yawo da shi a tasha. Ba sai an sha ba, ta hanci yana shiga, ta fata ma yana shiga, kinga jaririyar da zaki kwantar a katifar da aka jiƙa da shi ai duk jikinta ne zai ɗauka. Ga yaro mai ciwon ƙirji kuma. Kar a yi gudun gara a faɗa gidan zago, kuɗin cizo da duk takurarsu har yau ba a tabbatar suna yaɗa wata cuta ba, ƙaiƙayi ne da rashin barci da ƙurajen da susa ke jawowa, amma wancan rai yake ɗauka.

Ki nuna wa maigida wannan rubutun nawa, ki ce nas ce ta roƙe shi. Maganar kowa da shi yake amfani, eh gaskiya ne da yawa sun yi sun kwana lafiya, amma mu a asibiti waɗanda basu kwana lafiyar ba muke gani.

Bari in ƙara da wannan saboda masu karantawa, in Allah ya kiyaye wani ya shaƙi piya-piyan ko yaro ya sha, alamominsa su ne yawu ya yi ta dalala, gumi, hawaye, amai da gudawa, ƙwayar ido ta ƙanƙance, numfashi ya dinga fita da kyar kamar da majina a ƙirji. A fito da shi waje inda iska take, a cire kayan jikinsa a wanke fatar da ruwa da sabulu, a ruga asibiti da gorar maganin a hannu don likita ya ga ko mene ne, irin wannan akwai allurar da ake yi kuma tana aiki in an zo da wuri. Ɗurawa mutum manja ko madara da sa masa yatsa a maƙogwaro dan Allah a daina, sau da yawa huhu abin yake wucewa ya ƙara wata matsalar kan wadda ake ciki, ga ɓata lokaci.

ƊanDawanau

Malama nas ta gama magana. Ni sana'ata kenan hatsi, wake da masara da gero, wannan ƙwayar mun santa sarai, kuma ko mu da muke sawa a kaya ba a inda mutum ke kwana ake sawa ba. A sito ake sawa, a naɗe ta a tsumma ko takarda don garin da take bari kada ya taɓa hatsin, a lulluɓe da tamfol a kulle a bar wajen kwanaki, ranar buɗewa ma sai a wangale ƙofa kowa ya ja baya iska ta daɗe tana shiga tukunna. In ka ji wani wari kamar na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi to ita ce, ka bar wajen. Abin da ke bani tsoro shi ne mutanen da suke ajiye buhun wakensu a ɗakin kwana ko a lungun falo su jefa ƙwayar a ciki su kwanta a gefe, wallahi ganganci ne babba.

Wanda ma yake son ajiye wake a gida na ci, yanzu ai an samu sauƙi, akwai buhun PICS ɗin nan mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi. Ka busar da waken sosai ka zuba ka matse iskar ka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin da ke ciki iska ce zata ƙare musu su mutu, ba ko ɗigon magani. Sai dai a ɗora shi a kan katako nesa da bango saboda ɓera, in ya huda ledar aikin ya ɓaci. Jarka mai murfi mai kyau ma tana yi in an cika ta taf.

ƊanKwalisa kar ka ji haushi ɗan'uwa, gyara kayanka ne.

HajiyaBabba

'Yata sannu, Allah ya raya miki yaran. Ki fara cire wannan kunyar daga ranki tukunna, kuɗin cizo ba ruwansu da tsafta ko ƙazanta, jini suke bi, kuma a kaya ake ɗauko su. Na yi shekaru ina kula da ɗakin kwanan ɗalibai mata, duk dawowa hutu sai mun yi fama, 'yar gidan masu kuɗi da 'yar gidan talaka duk ɗaya. Ko a 2023 ai an yi ta labarin yadda suka addabi birnin Paris na Faransa har a jiragen ƙasa da gidajen sinima, to su ma ƙazaman ne?

Abin da na sani yana kashe su har ƙwansu shi ne zafi, tafasasshen ruwa. Fararen abubuwan nan da kika gani a manne su ne ƙwan, kuma su ne dalilin da ya sa kike ganin sun tafi sun dawo, filit zai iya kashe wanda ya taɓa amma ƙwan yana nan, cikin sati ɗaya zuwa kwana goma ya ƙyanƙyashe a koma gidan jiya. Don haka aikin ba na yini ɗaya bane, sai kin ɗaure.

Ki sa rana, ki kai yaran gidanku ko wajen wata 'yar'uwa amma ki sa musu kayan da aka goge da dutsen guga kada ki kai wa mutane tsaraba. A kwance gadon gaba ɗaya, ba wai a ja shi gefe ba, a cire kusoshin a fito da shi tsakar gida katako-katako, ki ɗora babbar tukunya, ki zuba ruwan a buta mai baki ki dinga bin duk mahaɗar katako da ramin kusa da duk wata tsaga, zaki sha mamakin abin da zai fito daga wajen da kike ganin ko allura bazata shiga ba. Ki yi a hankali da ruwan zafin dai, yara basa kusa. Zannuwan gado, labule, rigar filo, kayan sawa duk a tsoma a ruwan zafi a wanke a shanya, in sun bushe a goge, sannan a zuba a babbar leda a ɗaure bakin, kada a mayar da su durowa sai an gama da ɗakin.

Katifa ita ce mai wuya. Shanyar da kika yi bata yi ba ne saboda in saman ya yi zafi sai su gangara ƙasan inda yake da sanyi su laɓe. Ki cire rigar katifar a dafa ta, soson kuma a sa shi a baƙar leda babba a ɗaure a ajiye a kan siminti ko kan kwano inda rana ke dukansa tun hantsi har la'asar ana juyawa, yanzu da ake zafin nan na Maris da Afrilu ai kin samu lokacin da ya dace. Bakin ɗinkin kuma ki bi shi da dutsen guga mai zafi. In katifar ta riga ta yayyage ta yi ramuka ni dai shawarata a haƙura da ita, amma a yanka ta kafin a yar don kar wani bawan Allah ya ɗauka ya kai gidansa.

Gidan sauron ma ki duba kusurwoyinsa na sama inda igiya take, suna son wajen sosai. Shi ba a dafa shi kuma ba a shanya shi a rana saboda maganin da ke jikinsa, in sun yi yawa a ciki ki canza sabo kawai.

Kananzir kuma ki daina, bayan warin da jaririya ke shaƙa, katako da soso da suka sha kananzir ga ashana ga igiyar leƙo a ɗaki, kin san sauran.

Bayan kwana goma a sake bin gadon da ruwan zafi, a kuma sakewa, ko da baki ga ko ɗaya ba.

UwarBiyu

Na gode sosai Allah ya saka da alheri. Anti nas na nuna masa, da farko ya ɗan yi gardama amma da ya karanta wajen da kika ce ta fata ma yana shiga sai ya yi shiru, ya ce zai mayar wa mai shi. Hajiya Mama na ji duk bayaninki kuma zan yi insha Allah ranar Asabar, amma kujerun fa? Su ba a kwancewa kuma ina zargin daga nan abin ya faro don na juya ɗaya na ga ƙasan baƙi ƙirin da kashinsu. Sannan matar ɗakin da ke jikin namu ta taɓa ce min ita ma yaranta na susa, kenan ko na gama nawa zasu iya dawowa daga wajenta? Ga maganar ɓerayen da kyankyasan har yanzu ba wanda ya taɓo min.

MaiFeshi

Hajiya barka da ƙoƙari. Feshi sana'ata ce amma bazan ce miki feshi kaɗai zai yi ba, duk wanda ya ce miki zai zo sau ɗaya ya fesa shikenan kuɗinki kawai yake so. Abin da Hajiya Babba ta faɗa shi ne fiye da rabin aikin, gidan da aka yi wannan kafin mu zo shi ne muke cin nasara, gidan da muka tarar da kaya jibge a ƙarƙashin gado da bayan ƙofa kuwa sai dai mu yi ta zarya. Dalilin da filit baya musu komai kuma, yawancin na gwangwanin nan sinadarinsu kusan iri ɗaya ne kuma kuɗin cizo sun daɗe da sabawa da shi, wani lokacin ma tarwatsa su yake su bar gado su shige bango da soket.

Kujeru: a kifa su a yage baƙin yadin nan na ƙasa, a nan suke taruwa a jikin katakon da inda aka buga ƙusa. A bi katakon da ruwan zafi, lungunan yadin kuma a bi da dutsen guga, in akwai mai dutsen guga mai tururi a aro ya fi. A bar su a rana, daga baya mai gyaran kujera ya buga sabon yadi a ƙasan. In soson ciki ya riga ya cika da su to canza soso da yadi ya fi miki arha a kan ki yi ta sayen magani. Kuma kada ku koma kwana a falo ko wani ɗakin don gudun cizo, binku zasu yi, numfashin mutum da ɗumin jikinsa suke bi, sai ki wayi gari ɗaki biyu ne suka kamu. Rufe ɗakin a bar shi ma baya yi, suna iya yin watanni basu sha jini ba suna nan da ransu.

In an mayar da gado a janye shi daga jikin bango, kada zanin gado ko gidan sauro ya taɓa ƙasa, a sa kowace ƙafar gado a cikin 'yar roba mai santsi. Tsagar bango da inda filasta ta ɓare a like da siminti ko fotin fenti, a duba bayan hotuna da kalanda da agogon bango, da bakin leda ko kafet in akwai.

In har sai an yi feshin, a kira wanda ya san aikin, ki ce ya nuna miki kwalbar da takardarta da lambar NAFDAC da rubutun cewa na cikin gida ne, in ya zo da abu a gorar ruwa ki sallame shi. A kwashe abinci da kwanuka da kayan jaririya, ba a fesa saman katifa da filo, yara kada su dawo sai wajen ya bushe an buɗe tagogi ya sha iska sosai, da jaririya irin taki ni na fi son su kwana a wani gidan. Sannan a dawo zagaye na biyu bayan sati biyu saboda ƙwan.

Kyankyasai kuwa daga ramin masai da sokawe da kwata suke fitowa, in baki toshe can ba duk wanda kika kashe a ɗaki wani ne zai maye gurbinsa. A yi wa bakin masai murfi mai zama daidai, bututun iskar a ɗaura masa raga a sama, a like fashewar silab ɗin sokawe. Kwanuka kada su kwana ba a wanke ba, famfon da ke ɗiga a gyara don ruwa ya fi abinci riƙe su. Maganin da na fi yarda da shi shi ne na sirinjin nan mai kamar man shafawa da ake ɗiga shi ƙanana-ƙanana a lungun kabad da bayan firij, su ci su koma maɓoyarsu su mutu, 'yan uwansu su ci gawar su ma su bi. Garin boric da aka kwaɓa da sukari da ɗan fulawa ma yana yi, sai dai a sa inda hannun yaro bazai kai ba, kuma kada a fesa filit a kusa da shi don zai kore su daga ci. Ki ɗauki maganar kyankyasan da muhimmanci saboda yaronki, kashinsu da ɓawon da suke saɓulewa suna tayar da asma.

NasƊinUnguwa

Alhamdulillah da ya yarda, ki gaishe shi. Bari in ɗauki ɓangaren ɓera don a gaskiya a cikin ukun nan shi ne ya fi tsorata ni, ba kuɗin cizon ba. Garin kwakin da kika ce sun huda, dan Allah kada a jiƙa shi a sha, a zubar, na san da ciwo a wannan tsadar amma ki daure. Zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin wani irin ɓera yake shiga abinci, kuma abin da ake ci ba a dafa ba irin su garin kwaki da ƙuli-ƙuli da abin da aka shanya a ƙasa ya fi haɗari. A garin Lassa na jihar Borno aka fara gano cutar a 1969, kuma duk shekara lokacin rani take tashi, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, jihohin Ondo da Edo da Bauchi da Taraba sun fi fama, amma mu ma bamu tsira ba, a farkon 2020 a nan Kano har likitoci biyu ta kashe. Ke da ido bazaki iya bambance ɓeran da ke ɗauke da ita da wanda baya ɗauke da ita ba, don haka duk ɗaya za a ɗauke su. In wani a gida ya yi zazzaɓin da aka sha maganin maleriya bai sauka ba, ga ciwon maƙogwaro da ciwon kai da kasala, a je asibiti a faɗa musu akwai ɓeraye a gidan, kada a tsaya kemis, maganinta ya fi aiki in an fara da wuri, kuma cikin waɗanda suka warke ma akwai masu rasa jinsu.

Abinci duk ya koma bokiti ko roba mai murfi, shinkafa, gari, wake, har busasshen kifi. Kashin ɓera ba a share shi a bushe ƙura ta tashi, a yayyafa ruwan Hypo ko Jik ya jiƙa tukunna a kwashe da leda a hannu. Mushensa ma haka, ba a ɗauka da hannu, a sa a leda a binne, kada a jefa kan bola yara su ɗauka suna wasa.

Shinkafar ɓera kuma ban so a gidan yawa, yaranki ko na maƙwabta masu rarrafe zasu iya tsinta su kai baki, kaji da kyanwa ma su ci, sannan ya je ya mutu a silin wari ya hana ku zama. Tarko ya fi, a sa a jikin bango inda suke bi da ɗan kifi ko ƙuli, da daddare bayan yara sun kwanta, a ɗauke da asuba. Ramukan kuma a toshe da siminti da fasassun kwalba, ƙasan ƙofar kicin a buga masa fallen kwano, ƙaramin ɓera inda ɗan yatsanki zai shiga shi ma zai shiga. A sa mai gyaran wuta ya leƙa silin ɗin kuma, suna gaigayar waya.

HajiyaBabba

Maganar maƙwabciyarki 'yata, eh zasu dawo, ta silin da ramin wayar wuta suke ƙetarawa, don haka sai kun haɗa kai. Amma ki iya bakinki, kada ki je mata da cewa daga ɗakinki suke zuwa, nan take za a yi faɗa a daina gaisawa. Ki fara da naki, ki ce mata Maman wane ni fa kuɗin cizo sun dame ni, ranar Asabar zan fitar da kaya, ko zaki fito da naki mu haɗa itace mu dafa ruwan tare? Zaki ga ita ma dama kunya ce ta hana ta magana. In kun yi ku biyu sauran matan gidan da kansu zasu fito da nasu.

Murfin masai da sokawe da toshe ramuka kuwa aikin maza ne, maigidanki ya tara mazan gidan su samu mai gidan hayar tare, in ya ce ba kuɗi su yi karo-karo su gyara a cire a kuɗin haya, amma a yi maganar a gaban wakilinsa tun kafin a sayi siminti. Ƙanin mijin naki kuma in zai sake zuwa hutu akwatinsa ta tsaya a tsakar gida, a juye kayan a ruwan zafi kafin komai ya shiga ɗaki, ki gaya wa yayansa shi ya faɗa masa da bakinsa, ba ke ba.